Raptor da TRX ko Hilux da Land Cruiser 79: wacce ta dace da manomin fadamar Haɗejia?

Alhaji, barka da ƙoƙari. Ka ce ka fitar da shinkafar rani da riɗin bara, kana son sauya mota. Yara sun nuna maka bidiyon Ford Raptor da Ram TRX suna tashi sama a kan tudun yashi, shi ne kake tambaya ko sun ci kuɗinsu, ko kuwa ka tsaya a kan Hilux ko Land Cruiser 79. Ka kuma faɗi hanyarka: daga Haɗejia zuwa gona a wajen Auyo, Maigatari ranar Alhamis idan ta kama, sai Kano jefi-jefi.

Abin da ka gani a bidiyon nan gaskiya ne. Ford ta fito da F-150 Raptor a samfurin 2010 domin gudu a hamadar Amurka da ta Meziko. Ta yanzu injinta V6 ne mai lita 3.5, ƙarfin doki 450, akwai kuma Raptor R mai V8 wadda ta fara da doki 700 a 2023. Ram TRX ta zo a 2021 da V8 mai lita 6.2, doki 702. Ƙanwarsu Ranger Raptor, wadda girmanta ya zo kusa da na Hilux, ta fara a 2018 da injin gas mai lita 2, doki 213, sabuwarta ta 2022 kuma ta koma fetur, V6 mai lita 3, kusan doki 400 a yawancin kasuwanni. Ka ɗora wannan a kan Hilux mai gas 2.8 da ke ba da doki 204, ko mai fetur 2.7 da ta fi yawa a hannun mutanenmu, wadda ba ta wuce doki 165 ba. Land Cruiser 79 mai tsohon injin 1HZ ma wajen 130 kawai take da shi. Idan tsere ne, an gama magana tun ba a fara ba.

Amma abin da ake biya wa kuɗi a Raptor yana ƙarƙashinta, wato sifirin da shokazoba. An sa mata sifirin mai laushi mai dogon zango, da manyan shokazoba na kamfanin Fox, domin taya ta faɗa rami ta fito jikin motar bai sani ba. Ka san burjin nan da ya yi kunya-kunya bayan damina, wanda idan ka hau shi da Hilux babu kaya sai haƙoranka su riƙa haɗuwa, bayan motar yana wutsil-wutsil, dole ka sauko giya ta biyu? A irin wannan hanya Raptor shanye ramukan take yi, mutum ya isa gona bayansa bai yi tsami ba. Ga mai shekaru ko mai ciwon baya wannan babban abu ne, kuma ba zan rage mata komai a nan ba.

Laushin nan kuwa da kaya aka saye shi. Sifirin da aka yi domin ya lanƙwasa cikin sauƙi ba ya riƙe nauyi. TRX an ƙayyade mata kimanin kilo 600, F-150 Raptor ta ɗan ɗara haka kaɗan, Ranger Raptor tana tsakanin kimanin kilo 600 da 750 gwargwadon samfuri. Kuma wannan adadin har da mutanen da ke ciki. Mu yi lissafin safiyar zuba taki: kai da direba da ma'aikata biyu, a ce kilo 280. A TRX saura kilo 320, wato buhun taki shida na kilo 50. A Hilux, wadda bayanta ke kan sifirin ganye kuma take ɗaukar kusan tan guda, saura wajen kilo 700, buhu goma sha huɗu ke nan. Land Cruiser 79 ita ma tan guda ko sama take ɗauka, kuma ta fi kowa haƙuri da shi. Ranar girbi kuwa, buhun shanshera mai kilo 100 guda biyar sun ƙure TRX da direbanta. Na san halinmu, ba ma duba takarda, lodi ake yi sai baya ya zauna. Hilux takan jure wannan zalunci na ɗan lokaci, idan ganye ɗaya ya karye a samo wani a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano a ɗaura kafin la'asar. Raptor idan aka yi mata haka, abin da ya sa ta yi tsada shi ne zai fara mutuwa, kuma shokazobanta ba irin wanda bakanike ke cirewa ya jefar ya sa na kanti ba ne. Buɗe shi ake yi, a sauya roba da mai, a cika shi da iskar naitirojin, masu wannan aikin kuwa sai an tona. Dokin sukuwa ne Alhaji, kai kuma amalanke kake son a ja maka.

Sai ƙasar da za a taka. Jigawa ƙasa biyu ce a wajen mota. Ta arewa, wajen Maigatari da Birniwa, rairayi ne mai zurfi. A nan manyan tayoyin inci 35 na F-150 Raptor da TRX da ƙarfin injinsu suna aiki sosai. Sai dai direbobin da suka san yashi sun daɗe da sanin cewa rabin maganinsa a iskar taya yake. Ka sassauta ta daga wajen 35 zuwa 18 ko 20 a ma'aunin iskar taya (PSI), ka sa giyar jan taya huɗu tun kafin ka shiga, kada ka taka burki da ƙarfi, Hilux za ta wuce inda ake zaton ba za ta wuce ba. Abin da ake buƙata ƙaramin famfon iska ne mai jona batir, domin ka mayar da iskar idan ka hau kwalta.

Fadama kuma wani abu ne daban. Baƙar lakar kwarin Haɗejia idan ta sha ruwan Agusta nauyi take hukuntawa. TRX ta kusa kilo 2,900 ba kaya, Ranger Raptor wajen 2,450, Hilux wajen 2,100. Doki 700 a cikin taɓo haƙa rami kawai suke yi da sauri har cikin motar ya zauna. Hilux idan ta kafe, matasa goma da igiya da kara a ƙarƙashin taya sukan fitar da ita. Mota mai tan uku kuwa sai an aika neman tarakta. Abin da ya fi amfani a laka shi ne makullin da ke tilasta tayoyin gefe biyu su juya tare. Sabuwar Ranger Raptor tana da shi gaba da baya, Land Cruiser 79 ana samunta da shi gaba da baya, Hilux kuma sai manyan samfura ke da na baya, don haka ka tambaya kafin ka biya. A tsallaka ruwa Ranger Raptor ta ɗan fi, santimita 85 a takarda, Hilux 70. Amma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 da yadda ta yanke hanyoyi a jihar nan ya san ruwa mai gudu ba a gwada shi da mota kowace iri.

Akwai kuma faɗi. TRX ta haura mita 2.2 ban da madubi, Hilux ba ta kai mita 1.9 ba. Hanyar shiga gonakinmu ta amalanke ce, shingen aguwa dama da hagu, ga ƙaya, ga gonar maƙwabci da ba ka so ka taka masa shuka. Kuma jikin F-150 tun 2015 na alminiyom ne, mai walda na bakin tasha ba zai iya yi masa abin da yake yi wa ƙarfe ba.

Yanzu kuɗi. Zan ba ka farashinsu a dala, domin na naira yana sauyawa kafin ka gama shan shayi. A Amurka, Ranger Raptor ta 2024 ta fara daga kimanin dala 57,000. F-150 Raptor ta 2024 ta fara daga wajen 80,000. Raptor R ta 2023 ta fara daga wajen 109,000. TRX ta fito a kusan 70,000, kafin a dakatar da ita a samfurin 2024 ta haura 90,000. Sabuwar Hilux mai ƙofa huɗu mai jan taya huɗu, a kasuwar Dubai inda dilolinmu ke ɗaukowa, takan kama daga wajen 30,000 zuwa sama da 40,000, Land Cruiser 79 kuma ta ɗara ta. Idan ka lissafa dala a naira 1,500, Ranger Raptor ta tashi miliyan 85 da rabi, Raptor R ta haura miliyan 160, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar dila ba. Kafin Yunin 2023, lokacin da dalar gwamnati take wajen naira 460, da lissafin bai kai sulusin haka ba. Shi ya sa yawancin Raptor da TRX da za a nuna maka 'yan gwanjon Amurka ne, wasunsu haɗari suka yi ko ruwa ya ci su aka gyara. Kada ka sayi ko ɗaya sai an bincika lambar jikinta a intanet an ga tarihinta. Ka kuma kula da sitiyari, domin Ranger Raptor ta Afirka ta Kudu da Ostireliya a dama yake, mu kuwa na hagu doka ta yarda da shi.

Bayan saye sai ciyarwa. A ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka TRX kilomita 5 take yi da lita guda. Haɗejia zuwa Kano da dawowa kusan kilomita 400 ne, lita 80 ke nan, Hilux mai gas kuwa ba za ta kai 40 ba. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan bambanci ya zama kuɗin ma'aikata na kwanaki. TRX fetur mai daraja ta sama kamfaninta ya ce a ba ta, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa, balle ka ƙare a hannun 'yan bumburutu a ƙauye. Wannan gargaɗin ya shafi sabuwar Hilux mai gas ma, allurar manta ba ta son ruwa ko datti ko kaɗan, musamman samfurin Turai mai matatar hayaƙi. Dalilin da ya sa mutanenmu suka riƙe mai fetur 2.7 ke nan duk da rashin kuzarinta, kuma dalilin da ya sa 1HZ ke da masoya har yau, don famfon manta tsohon yayi ne da inji ke juyawa, babu kwamfutar da za ta hana ta tashi.

Akwai kuma samfurin Hilux da ake kira GR Sport: an ƙara mata ɗan ƙarfi da shokazoba mafi kyau, amma bayanta yana nan kan sifirin ganye. Ba ita ce motar da direban tsere Nasser Al-Attiyah ya ci gasar tseren motoci ta Dakar da ita a 2019 ba, waccan suna da kamanni kawai suka haɗa su.

Ga hanyar da ka zayyana, Alhaji, Hilux zan ce ka saya, mai jan taya huɗu, mai makullin baya idan ka samu. Land Cruiser 79 sai idan gonarka tana inda hanya ke ɓacewa wata uku a shekara, domin a kwalta tana da tauri da gajiyarwa, kuma tana wuyar juyawa a lungu. Ranger Raptor ba zan hana ka ba idan akwai wata motar da ke ɗaukar kaya, ita kuma ta zama ta zirga-zirgarka kai kaɗai tsakanin gonaki. F-150 Raptor da TRX kam ka bar su. Rarar kuɗin da ke tsakani ka sa tayoyi masu kaurin gefe da safaya biyu, shokazoba masu kyau da suka dace da kaya, famfon iska da igiyar ja. Ka sa mata na'urar bibiya tun ranar farko, domin saurin da Hilux ke yi wajen samun mai saye a Kano shi ne kuma ya sa ɓarayi ke sonta. Idan za ka je dubawa, ka tafi da bakanikenka na Haɗejia wanda zai riƙa gyara ta, ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi ko an taɓa yi masa walda, ya kuma sa giyar jan taya huɗu a kan ƙasa ka gani da idonka ta kama.