Aljebra ko tirigonometiri, wanne za ki fi ba lokaci kafin WAEC?

Ƙanwata da ta ce saura wata biyu jarrabawa, lissafi kuma bai zauna mata ba, tana tambaya tsakanin aljebra da tirigonometiri wanne za ta fara kamawa. Toh ni dai aljebra zan ce, ki bi ni ki ji dalili.

Aljebra yawa gare ta, kusan ko'ina za ki same ta a takardar, a obj (ɓangaren zaɓen amsa) mai tambaya 50 tana nan, a tiyori (ɓangaren da ake rubuta aiki dalla-dalla) ma da wuya ki tsallake ta, ga kwadiratik ga simaltaniyos ga canza sabjet na fomula. Amma tana da wani alheri, kina iya gane ko kin ci tun kina zaune a hol. A ce an ba ki x² − 5x + 6 = 0, kin samu 2 da 3, sai ki mayar da 2 ciki, 4 − 10 + 6 ya ba da sifili, shi ke nan hankali kwance. Abin da ke kayar da yara a nan ba wahalar tambaya ba ce, alamar debewa ce, mutum ya buɗe baka (bracket) ya manta bai juya alama ba, aiki na shafi guda ya lalace. Maganinta hannu ya saba, kullum ki warware tsofaffin tambayoyi ko da goma ne, karanta littafi kawai ba zai yi ba.

Tirigonometiri kuwa abin haddarta kaɗan ne, SOHCAHTOA (dabarar tuna sin, cos da tan), dokar sin da ta cos, sai su sin 30 rabi ne, tan 45 ɗaya ne, tan 60 kuma √3. Sati biyu ya isa in an dage. Wahalarta a zane take. An ce kina tsaye mita 20 daga gindin hasumiya, kin ɗaga kai da digiri 60, in kin zana daidai tsawon 20√3 ne, wajen mita 34.6, in kuwa kin sa kusurwar a inda ba nan ba ne to duk lissafin da ya biyo baya ya tafi. Biyarin (kusurwar da ke nuna alkibla) ma haka, daga arewa ake fara awo ana bin hannun agogo. Kuma dan Allah ki duba kalkuletarki tana kan DEG (digiri), in ta koma RAD (radiyan) za ki danna sin 30 ta ba ki −0.988, wallahi wannan kaɗai ya jawo wa ɗalibai asarar maki mai yawa.

Ga abin da ya sa na ce aljebra a gaba. Dokar cos, alwatika mai gefe 5 da 8, kusurwa 60 a tsakani, ana neman gefe na uku: 25 + 64 − 80 × ½, wato 89 − 40, 49, amsa 7. Da yawa sai su fara debe 80 daga 89 su samu 9 sannan su raba biyu. Kin ga ai sun san fomular, tushen aljebra ne ya ba su kunya.

Don haka ki ba aljebra sati biyar, tirigonometiri biyu, na ƙarshe ki zauna da agogo ki yi cikakkiyar takarda. A tiyori kuma ki riƙa rubuta kowane mataki, masu makin suna ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure.