Taurari masu tabo: a auna daga ƙasa ko daga sama?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace na'urar hangen nesa ta fi wajen bibiyar sauyin hasken taurari masu ƙarfin maganaɗisu na tsawon shekaru, ta ƙasa ko wadda aka harba sama. Ya danganta da tsawon lokacin da kake son gani.

Irin waɗannan taurari suna yin baƙaƙen tabo kamar na Rana. Tabon bai kai kewayensa zafi ba, don haka in tauraron ya juyo mana da shi haske ya ɗan ragu, in ya kau haske ya dawo. Da wannan hawa da sauka ake gane kwana nawa yake yi kafin ya kammala juyi ɗaya.

A nan ta sama ba ta da na biyu. Kepler, wadda NASA ta harba a 2009, ta ƙura wa taurari kusan 150,000 ido har shekara 4, tana auna su kusan kowane rabin awa. Ba gajimare, ba hazo, gari ba ya waye mata. Da bayananta ne masana a Japan suka nuna a 2012 cewa taurari masu kama da Rana na yin fashewar haske da ta zarce duk wadda aka taɓa gani a Rana. TESS kuwa, wata na'urar sama da aka harba a 2018, kwana 27 take yi a yawancin wurare, sai ta juya.

To amma tabon Rana shekara 11 yake ɗauka tsakanin yawaita da wata yawaitar, haskenta kuma kusan kashi 0.1 cikin ɗari kawai yake motsawa. Shekara 4 me za ta nuna maka? A nan ta ƙasa ke ramawa, duk da giɓin da gajimare ke jawo mata. Masanin taurari Olin Wilson ya fara auna hasken sinadarin kalsiyam na taurari, wanda ke nuna ƙarfin maganaɗisunsu, a cibiyar hangen taurari ta Mount Wilson, Kalifoniya, a 1966, aikin ya haura shekara 30. Na'urori masu sarrafa kansu a cibiyar hangen taurari ta Fairborn da ke Arizona su ma sun yi ta auna haske dare bayan dare.

Abin da ya fi burge ni daga irin wannan naci: taurari masu ƙuruciya dusashewa suke yi idan maganaɗisunsu ya tashi, Rana kuwa ƙara haske take, don farare wuraren da ke rakiyar tabon sun rinjayi duhunsa.

Tunda tambayarka kan sauyi na tsawon shekaru ce, ni dai ta ƙasa zan ba ka.