Turancinka Ya Yi Nisa Amma Kurakurai Sun Ƙi Tafiya: Wane Littafi Za Ka Saya?

Wanda ya yi nisa a Turanci ya wuce irin kuskuren ɗan koyo. Nasa sun fi wuyar kamawa, domin sun daɗe a bakinsa har kunnensa ya saba. Za ka ji mai digiri yana zuba Turanci tiryan-tiryan, can sai ya saki "informations" ko "advices", alhali waɗannan kalmomi ba sa ɗaukar jam'i. Ko ya rubuta "we discussed about it", ko "I look forward to see you" maimakon "seeing", ko "I am here since 2019" a inda ake buƙatar "I have been". Ga kuma "the", wadda ake sakawa inda ba ta da gurbi, a manta da ita inda ake nemanta.

Kafin ka fitar da kuɗinka, ɗauko rubutunka na baya-bayan nan ka ba wanda ya fi ka ya ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure. Abin da ya fi maimaituwa shi zai gaya maka abin da za ka saya.

Littafin da yawancin mutane ke fara miƙa wa hannu shi ne English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda Cambridge ta fara bugawa a 1985. Littafi ne mai kyau, amma don matsakaita aka rubuta shi, kuma mai irin matsalar da muke magana a kai zai tarar ya san mafi yawan abin da ke ciki. Yayansa, Advanced Grammar in Use na Martin Hewings, shi ya fi dacewa. Tsarinsu ɗaya: bayani a shafin hagu, atisaye a na dama. Idan jarrabawa ce a gabanka, irin su IELTS, wannan ne naka. Sai dai ka duba bangon da kyau, domin akwai bugu mai amsoshi a baya, akwai marar su, kuma mai karatu shi kaɗai ba malami ba abin da marar amsoshi zai tsinana masa.

Ni dai da za a ce in zaɓi ɗaya tak, Practical English Usage na Michael Swan zan ɗauka. Oxford ta fitar da shi a 1980, bugu na huɗu ya zo a 2016. Ba littafin da ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba ne, kuma babu atisaye a ciki. Ana ajiye shi ne kusa da hannu. Kana cikin rubuta wasiƙa, ka yi kokwanto ko "despite" tana tafiya da "of", sai ka buɗe jerin kalmomin da ke bayan littafin, ka je wurin, ka tarar da jimlar daidai, ga kuma gurguwar a gefe an soke ta da layi. Sau da yawa gurguwar ita ce ainihin wadda ka saba rubutawa. Wannan ganin ido shi ke sa gyaran ya zauna. Yana kuma nuna inda Turancin Ingila ya saɓa da na Amurka, abin da ke hana mutum gyara abin da ba kuskure ba ne: "the team are playing" daidai ne a Ingila, ko da Ba'amurke zai fi son "is".

Akwai kurakuran da nahawu bai da maganinsu. Babu ƙa'idar da ta bayyana dalilin da ya sa ake cewa "make a mistake" ba "do a mistake" ba, ko "heavy rain" ba "strong rain" ba; haka masu harshen suka saba haɗa su kawai. Idan a nan jan layinka ya fi yawa, Oxford Collocations Dictionary za ka nema, ƙamus ne da ke jera maka abokan tafiyar kowace kalma.

Manhajojin gyaran rubutu irin su Grammarly da LanguageTool kuwa suna da sigar kyauta, don haka gwada kafin ka biya. Suna kama "informations" nan take. Amma idan ka rubuta "I stopped to smoke" kana nufin ka daina shan taba, za su iya barinka ka wuce, domin jimlar lafiyarta ƙalau, ma'anarta ce ta koma ka tsaya don ka sha. Kuma danna gyara ba tare da karanta dalili ba ba ya koya wa mutum komai. Gobe ma sai ya maimaita. Kuɗin sigar biya ana sabunta shi ne duk wata ko duk shekara, littafi kuwa sau ɗaya ake saya. Idan aljihu bai kai sabo ba, tsohon bugu na Swan ko Hewings ya wadatar, ka dai tabbatar wanda ya riga ka bai cike atisayen na Hewings da biro ba.