Koyon Harshe: ChatGPT ko Malami?

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar kwamfuta da ke hira da mutum tana amsa tambayoyinsa, a Nuwamban 2022, mai koyon Faransanci ko Larabci ya samu abokin hira da ba ya gajiya. Ko sau nawa ka maimaita tambaya, ba zai ɗaure maka fuska ba. Ga mai kunyar yin kuskure a gaban mutane, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai abin da manhajar take yi shi ne hasashen kalma ta gaba, bisa tarin rubutun da aka horar da ita da shi. Shi ya sa takan ƙirƙiro ƙa'idar nahawu da babu ita, ta faɗe ta ba tare da shakka ba, sabon ɗalibi kuma ya haddace. Abin ya fi muni a harsunan da rubutunsu ya yi ƙaranci a intanet.

Malami fa? Sai an biya, lokacinsa kuma ƙayyadadde ne. Amma yana ganin fuskarka ya gane ba ka fahimta ba, ya kuma san gaisuwar da ta dace da dattijo. A ganina, mai farawa ya fi buƙatarsa. Manhajar ta fi amfanar wanda ya yi nisa har yana iya kama kuskurenta.