Garejin lagireto a Sana'iyyar Makka: sai sun gano abin da ya dafa injin kafin su taɓa yoyo

Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 45 a Makka, layin masu gyaran lagireto a Sana'iyya, unguwar garejoji da masana'antu, ba ya rabo da motoci buɗe da bonet. A cikin layin akwai wani ƙaramin gareji da direbobinmu na Hiace da Camry suka fi kai motocinsu, mu'allimin wurin, wato ogan garejin, shi ma Bahaushe ne haifaffen nan. Aikinsu a kan motar da ta yi zafi sannan ta soma zubar da ruwa ya cancanci a yi bayaninsa, da kyawunsa da inda suke da gyara.

Babban abin da ya raba su da maƙwabtansu shi ne ba sa ɗaukar yoyon da ido ya gani a matsayin tushen ciwon. Sau da yawa zafin ne ke fara zuwa. Fanka ta mutu, ko tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan injin ya yi zafi, wanda 'yan kasuwar nan ke kira balf, ya maƙale a rufe; ruwa ya tafasa, matsi ya hau, sai tankin roba na saman lagireto ya tsage ko tiyo ya fashe. Duk wanda ya canza maka lagireto kawai ya sallame ka, ranar da ka hau hanyar dutsen Hada za ka Ɗa'if za ka sake tsayawa a gefen titi.

Sukan bar injin ya huce sarai. Daga nan su ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, su hura shi zuwa adadin da ke rubuce a jikin murfin, galibi bar 0.9 ko 1.1, ba sa wuce nan don kada su fasa abin da bai fashe ba. Sai su sa ido a allurar ma'aunin famfon na minti 10 zuwa 15. Idan tana sauka, yaro ya shiga ƙarƙashi da tocila: gaɓar da roba ta haɗu da alminiyam, bakin kowane tiyo da kilif ɗinsa, da ɗan ramin da ke ƙasan famfon ruwa, inda busasshen ruwa kan bar fari ko ruwan hoda idan sil ya mutu. Har kafet ɗin gaban fasinja suna taɓawa, domin hita tana yoyo ta ciki. Murfin kansa ana gwada shi daban, kuma wannan ya burge mu ƙwarai, saboda murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa ya tafasa da wuri ya malala ta ƙurba, wato ƙaramin tankin ajiyar ruwa na gefen lagireto, mai mota ya yi ta neman huda inda babu ita. Tamostat kuwa a ruwan zafi suke jefa shi su ga ko zai buɗe a lambar da aka buga a jikinsa, digiri 82 a yawancin Toyota.

Inda hankali ke tashi shi ne allura ta sauka amma ƙasa a bushe. Nan zargi ya koma kan gasket na kan injin. Suna da shuɗin ruwan gwaji da ake zuƙar iskar bakin lagireto ta cikinsa injin na aiki. Idan ya rikiɗe ya zama rawaya, hayaƙi na shiga ruwa, magana ta ƙare. Suna haɗawa da sauran alamu: baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi a salansa, filogi ɗaya ya fito fes fiye da 'yan uwansa, tiyon sama ya yi tauri da zarar an tayar da injin yana sanyi. Idan sun sauke kan injin ba sa mayar da shi sai an kai makharaɗa, wato wurin masu injin fere ƙarfe, an auna lanƙwasarsa. A injinan Toyota da dama masu silinda huɗu, abin da ya wuce milimita 0.05 sai an fere. Ɗaurin kusoshi da sifana mai ma'auni suke yi, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki. Maganin toshe yoyo na kwalba kuwa mu'allimin ba ya yarda da shi, kuma yana da gaskiya, don yana toshe siraran hanyoyin lagireto da na hita tare da hudar.

Sai dai akwai abin da ba mu ji daɗinsa ba. Idan direba ya matsa, sukan cire tamostat gaba ɗaya su bar motar haka. Kuskure ne: injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, kuma ainihin matsalar tana nan. Ba kuma kullum suke faɗa maka ko kayan asli ne ko tijari, wato na kasuwa da ba na kamfanin motar ba, sai ka tambaya, ka nemi kwalin. Ranar cunkoso sukan gaggauta fitar da iska, alhali iskar da ta maƙale a kan injin tana iya sake dafa shi. Ka tsaya a kansu: a buɗe hita har ƙarshe, a bar injin yana aiki da mazurari a bakin lagireto har kumfa ta daina fitowa, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu.

Ruwan da za a zuba ma ka zo da abinka. Ruwan wayit, wato tankar ruwa, ko na famfo yana barin gishiri da tsatsa a ciki. Ruwan hoda na Toyota a haɗe yake zuwa rabi da rabi, ba a ƙara masa komai; mai kauri kuwa da tataccen ruwa ake sirka shi, kuma kada a gauraya kala biyu. Washegari da safe, kafin ka tayar da mota, ka duba ƙurba, idan ya sauka kaɗan ka cika zuwa layin sama. Idan ya ci gaba da sauka bayan kwana biyu ko uku, ka mayar musu da ita su sake ɗaura famfon gwaji.