Izinin Gini Cikin Kwana 75: Yadda Hidimar Devens Take ga Mai Zuba Jari

Fort Devens barikin sojan ƙasa ne a jihar Massachusetts ta Amurka, wanda aka rufe a 1996. Tun kafin sojoji su kwashe kayansu, majalisar jihar ta yi doka mai lamba 498 a 1993, ta ware kimanin eka 4,400 da ke cikin garuruwan Ayer da Harvard da Shirley, ta mayar da su yankin kasuwanci na musamman. Hukumomi biyu ke riƙe da wurin a yau. MassDevelopment ita ke sayar da filaye da bayar da haya, ita ke karɓar haraji, ita ke kula da wuta da ruwa da gas da magudanan ƙazanta da kwana-kwana. Devens Enterprise Commission kuma ita ke ba da izinin gini.

Inda hidimar ta ciri tuta shi ne wajen izinin. A garuruwan jihar, mai son gina masana'anta sai ya bi kwamitin tsara gari, da na kare fadama, da na lafiya, da na wuraren tarihi, kowanne da ranar zamansa. A Devens doka ta tattara waɗannan iko duka a hannun kwamishinoni 12 da gwamna ke naɗawa, shida daga cikinsu garuruwan uku ne ke gabatar da sunayensu. Takarda ɗaya ake shigarwa, a saurari jama'a, hukunci ya fito cikin kwana 75. Sai dai a lura, ba ranar da ka miƙa takarda ake fara ƙirga kwanakin ba, sai ma'aikata sun tabbatar babu abin da ya rage a cikinta. Wanda ya zo da lissafin ruwan sama rabi da rabi, ko babu nazarin zirga-zirgar motoci, shi ya ja wa kansa jinkiri. Don haka zaman share fage da ake yi da ma'aikata kafin shigar da takarda ya fi kowane mataki amfani.

Batun kuɗi kuwa, dokar ta ba da damar cin bashin dala miliyan 200 ta hanyar takardun lamuni na jiha. Hikimar a fili take: bututun ruwa da wayoyin wuta da titunan da soja ya bari an yi su ne don bariki, ba za su ɗauki masana'antar magunguna ba, kuma babu ƙaramin gari da ke da ƙarfin gyara su da harajinsa. Sai da aka yi wannan gyara manyan kamfanoni suka shigo, irin su Bristol Myers Squibb, daga baya Commonwealth Fusion Systems. Ba duka ne suka yi albarka ba. Evergreen Solar ya sha tallafin jiha, amma ya rufe masana'antarsa a 2011.

Mai saye ya buɗe ido sosai kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tun 1989 barikin ke cikin jerin gurɓatattun wurare na gwamnatin tarayya. Dokar tarayya ta ɗora wa soja alhakin share gurɓatar da ya bari, kuma ana rubuta wannan alkawari a takardar mallaka. To amma alkawarin bai biyan asarar watannin da aiki ya tsaya ana jiran gwaji. Wasu filayen suna da sharaɗin hana haƙa rijiya ko hana gina gidajen zama, akwai ƙa'ida kan fitar da ƙasar da aka haƙo, masu tona rami kuma sai an wayar musu da kai kan harsasan da ba su fashe ba. An kuma samu sinadaran PFAS, masu illa ga lafiya da ba sa saurin ruɓewa, a rijiyoyin ruwan sha, abin da ya tilasta kafa na'urorin tacewa. Kada a sa hannu kafin lauya da injiniyan muhalli su karanta sharuɗɗan wannan fili ɗaya bayan ɗaya.

Babban raunin Devens yana wajen sauya tsari. Duk saurin kwamishinonin, ba su da ikon yin babban canji a taswirar amfani da ƙasa, sai taron jama'ar garuruwan uku ya amince, gari ɗaya ya ƙi, magana ta mutu. Haka tsofaffin gine-ginen soja na Vicksburg Square, wani sashe na barikin, suka daɗe a rufe suna lalacewa, domin an kai shawarar mayar da su gidaje a 2009 da 2012 ba ta samu shiga ba. Ga kuma ƙayyade gidaje a kan 282 da aka yi tun farko, wanda ya sa dubban ma'aikata suka riƙa zuwa daga nesa kullum, kafin jihar ta cire wannan ƙayyadewa a 2024.

Makomar mulkin yankin ma ba a yanke ba, dokar ta ba da wa'adi zuwa 2033 a kawo shawara. Mai hayar shekara 20 ya kamata ya tambayi wa zai riƙa sa masa haraji da kuɗin wuta bayan nan.

Ga masana'antar da aikinta ya dace da tsarin da ke ƙasa, da wuya a samu wurin da ya kai Devens sauƙin izini a jihar. Wanda aikinsa ke buƙatar a sauya taswira kuwa, ya ware shekaru, ko ya nemi fili a wani wuri.