Sati takwas da takalmin wuyan hannu: abin da ya yi min da abin da bai yi ba

Shekarata goma sha ɗaya ina kaɗa jita a gidajen biki, kafin nan kuma gurmi nake yi tun ina yaro. Ciwon hannun ya taso min ne a watan Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen ɗaura aure kafin azumi. Akwai makon da muka yi wasa dare biyar a jere. Sai na fara farkawa wajen ƙarfe uku na dare, hannuna na hagu ya sage, babban yatsa da manuni da na tsakiya kamar ana tsira musu allura. Sai na yi ta yarfe hannun kafin ya saki. Ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau.

Na fara da abin da yawancin makaɗa ke yi, wato kemis. Diclofenac safe da yamma, man zafi da dare. Ciwon ya lafa, sagewar ba ta tafi ba, ga ƙirjina ya fara zafi. Irin waɗannan ƙwayoyi in aka daɗe ana shansu suna iya jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda, sannan suna rufe maka ciwon ka ci gaba da ɓarnar da ta kawo shi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro ga 'yan'uwana makaɗa, musamman masu haɗawa da tramadol don su kai asuba a filin wasa.

Daga ƙarshe na je sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, na wani asibiti. Likitan fisiyon ya sa na haɗa bayan hannuwana biyu na lanƙwashe su na minti ɗaya. Ban kai rabi ba yatsun suka mutu. Ya yi min bayani cewa akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu, jijiyoyi guda tara da ke lanƙwasa yatsu suna bi ta ciki tare da jijiyar da ke kai ji ga yatsu uku da rabin na huɗu. In wurin ya kumbura, ita ake matsewa. Shi ya sa ƙaramin yatsa ya tsira, tasa jijiyar daban ce. Ya kuma sa aka gwada min suga, don ciwon suga na cikin abubuwan da ke kawo wannan matsala.

Shi ya ce na sayi takalmin wuyan hannu, mai ɗan ƙarfe a ciki da maɗauri uku masu mannewa. Da na kawo, bai bari na saka ba sai da ya zaro ƙarfen ya miƙar da shi a kan tebur, don ya zo a ɗage sama. Ya ce, “Malam, hannun a miƙe ake so, kamar za ka gaisa da mutum. Kuma na barci ne, kada ka hau wasa da shi.” Ban ji maganarsa ba da farko. Na gwada kiɗa da shi rana ɗaya, yatsun suka riƙa ƙoƙarin kai inda wuyan hannu ya ƙi zuwa, na tashi da ciwo har gwiwar hannu.

A barci kuwa ya yi aikinsa. Mutum kan naɗe hannu ƙarƙashin matashi bai sani ba, takalmin ya hana. Cikin kwana goma farkawar dare ta ragu, a sati na huɗu na daina gaba ɗaya. Aibinsa zafi. Da aka ɗauke wuta gumi kan taru a ciki, ƙuraje suka feso min, sai na yanke tsohuwar safa ina sawa a ƙasa, ina wanke shi duk bayan kwana uku. Maɗaurin tsakiya kuma ya daina kamawa sosai tun wata na biyu bai cika ba. Kada a ɗaure tamau, in yatsu suka yi sanyi an wuce gona da iri.

Amma ba zan ba takalmin yabon da ba nasa ba. A zuwa na uku likitan ya ce na zo da jitar. Ya ga yadda nake rataye ta ƙasa-ƙasa, wuyan hannuna a lanƙwashe, babban yatsa yana danna bayan itacen jitar kamar zai huda shi. Na ɗage igiyar ratayar, na sauya wayoyi daga lamba 12 zuwa 10, wato waɗanda suka fi siranta, aka sauko min da su kusa da itace. A gwajin kiɗa ina tsayawa minti biyar duk bayan rabin awa, kuma na daina fara kiɗa da hannu a sandare, sai na motsa yatsun a hankali tukuna. Sautin ya ɗan rage kauri, wannan gaskiya ne, na yarda da cinikin.

Wanda sagewarsa ta dare ce kuma sabuwa, ina ba shi shawarar ya gwada, bayan an duba shi. Wanda kuwa tsokar gindin babban yatsansa ta fara shanyewa, ko kofi yana suɓuce masa, ko yatsun ba sa farfaɗowa ko da rana, takalmi ba zai ishe shi ba. Likitan ya ce mai irin wannan, allura ko tiyata ake duba masa, kuma jinkiri na iya kashe jijiyar. Ni dai har yau ina sa nawa duk daren da na dawo daga wasa.